Adireshin gidana da sunayen dangina suna intanet, ta yaya zan cire su?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin Houston, na haura shekara goma a Amurka. Kwanakin baya wani mutum da rabona da shi tun muna makaranta a Zariya ya kira ni daga can yana neman taimakon kuɗi. Da na ce ba ni da hali, sai ya karanto mini adireshin gidana, ya faɗi kimar gidan, ya ambaci sunan maigidana da na ƙanwata. Na rubuta sunana a Google, sai ga shafuka irin su Spokeo, Whitepages da TruePeopleSearch ɗauke da duk wannan, har da gidajen hayar da na zauna a baya. Wa ya ba su? Ana iya gogewa? Na kuma ga kamfanonin da ke cewa a biya su su goge, gaskiya ne ko damfara?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya tsare ki da iyalinki. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: hanyar da bayananki suka bi suka isa waɗannan shafuka, ko za a iya sauke su, da kuma ko ya dace ki biya wani ya yi miki aikin. Sana'ata tsaron bayanai ce a nan Amurka, kuma na taya 'yan'uwanmu da dama wannan hidima, don haka abin da na ga yana aiki shi zan faɗa miki.

Za ki iya sauke mafi yawansu da hannunki ba tare da kin biya ko sisi ba. Sai dai idan kin nema, abin da shafin yake yi shi ne ya ɓoye sunanki daga idon masu bincike. Tushen da ya kwaso bayanin yana nan daram, kuma bayan 'yan watanni yana iya sake kwasowa ya buɗe miki sabon shafi. Aikin kamar sharar tsakar gida ne a ƙarƙashin darbejiya, kin share da safe, kafin la'asar ganye ya sake zuba. Duk wanda ya shiga da tunanin sau ɗaya za a yi a huta, shi ne yake karaya a hanya.

Daga ina suka samo?

Ki kwantar da hankalinki ta wannan ɓangaren, babu alamar wani ya yi miki kutse a waya. Mafi yawan abin da mutumin nan ya karanto miki, hukumomi ne da kansu suka ajiye shi a buɗe. A tsarin Amurka, takardun gwamnati da yawa na jama'a ne: rajistar mallakar gida, kimar da aka yi wa gidan don haraji, takardun aure da na saki, shari'o'in kotu, rajistar kamfani, lasisin sana'a, da kuma rajistar masu zaɓe a jihohi da yawa ga wanda ya zama ɗan ƙasa. A gundumar Harris da kike zaune, ofishin da ke kimanta harajin gidaje yana da shafin da kowa zai rubuta sunan mai gida ya ga adireshi da kimar gidan.  Ina kyautata zaton can ko wani shafi da ya kwafo daga can ya samo adadin da ya faɗa miki.

A da ma takardun nan a buɗe suke, amma wanda yake nemansu sai ya yi tattaki zuwa ofishin gunduma, ya zauna yana buɗe kundi ɗaya bayan ɗaya, kuma sai ya san gundumar da zai nufa tukuna. Wannan wahalar ita ce ta riƙa kare mutane. Kamfanonin da ake kira dillalan bayanai su suka kawar da ita: suna kwashe takardun dubban gundumomi, su haɗa da abin da suka saya a hannun 'yan kasuwa, wato katin rangwamen kanti, fom ɗin gasa da na garantin kaya, rajistar mujallu, manhajojin waya, da abin da mutum ya bar wa kowa ya gani a Facebook da LinkedIn. Manyan dillalai irin su Acxiom da LexisNexis suna can sama suna sayar wa kamfanoni, su kuma shafukan da kika gani su ne masu sayarwa ɗai-ɗai ga duk wanda ya zo da katin banki, wasunsu ma kyauta suke nunawa suna cin kuɗin talla.

Sunan ƙanwarki kuwa, kwamfuta ce ta haɗa ku. Idan mutum biyu sun taɓa karɓar wasiƙa a adireshi ɗaya, musamman in sunan mahaifinsu ɗaya, sai ta rubuta su a matsayin dangi. Mu da muka saba sauke baƙo daga gida ya yi wata shida kafin ya kama haya, wannan ya fi shafarmu. Na sha ganin shafin mutum ɗauke da sunayen mutanen da ya taɓa ba masauki shekaru da suka wuce, an jera su a matsayin 'yan'uwansa. Ki riƙe wannan, domin zai dawo idan mun zo kan aikin cirewa.

Me doka ta ce?

Amurka ba ta da dokar tarayya guda da ta ba kowa haƙƙin ya ce a goge bayanansa. Akwai dokar 1970 da ake kira FCRA, wadda ta tsara yadda ake amfani da rahoton mutum wajen ba shi bashi, aiki ko hayar gida. Shi ya sa a ƙasan kowane irin shafin nan za ki ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa kada a yi amfani da bayanansu wajen ɗaukar ma'aikaci ko tantance ɗan haya. Da wannan jimlar suke zame wa dokar. Hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FTC, takan kama su jefi-jefi. A 2012 Spokeo ya biya dala 800,000. A 2023 TruthFinder da Instant Checkmate sun amince su biya dala miliyan 5.8, kuma cikin zargin da aka yi musu har da cewa madannin da suka saka na cire bayanin da ba daidai ba, daga idon wanda ya latsa kawai yake cirewa, sauran masu saye suna ci gaba da gani. A ƙarshen 2024 wata hukumar tarayya, CFPB, ta gabatar da ƙa'idar da za ta ɗaure dillalan, amma aka janye ta a watan Mayun 2025.

Abin da ya rage shi ne dokokin jihohi. Texas tana da dokar kare bayanai da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024, wadda ta ba mazaunin jihar damar ya nemi kamfani ya goge bayanansa, kamfanin kuma yana da kwana 45 ya ba da amsa. Ki ambace ta a duk wasiƙar da za ki aika, tana sa wasu su yi hanzari. Amma tana da ƙofa a buɗe, irin wadda take cikin dokokin sauran jihohi: bayanin da aka samo daga takardun gwamnati na jama'a ba ya cikin abin da ta kare. Kalifoniya ce ta fi kowa nisa. Dokar da aka sa wa hannu a Oktoban 2023 ta kafa shafi guda, DROP, inda mutum zai cika fom sau ɗaya buƙatarsa ta isa ga duk dillalan da suka yi rajista a jihar, amma mazauna Kalifoniya kaɗai yake yi wa aiki. Idan kina da 'yan'uwa a can, ki faɗa musu.

Wa kike gudu?

Kafin ki buɗe shafi ko ɗaya, ki amsa wa kanki wannan, domin amsar ita za ta nuna miki inda za ki fara. Mai son rage kiran 'yan talla da 'yan damfara daban, wanda wani takamaiman mutum yake bibiya daban.

Ina ɗaukar na biyun da muhimmanci saboda an ga inda ya kai. A 1999 a jihar New Hampshire, wani saurayi ya sayi adireshin wurin aikin Amy Boyer a hannun kamfanin Docusearch, ya je ya harbe ta tana fitowa daga aiki. A Yulin 2020 wani lauya ya je gidan mai shari'a Esther Salas a New Jersey a shigar mai kawo saƙo, ya kashe ɗanta Daniel mai shekara 20, ya raunata mijinta. Daga nan jihar ta yi dokar da ta tilasta sauke adireshin alƙalai, masu gabatar da ƙara da 'yan sanda idan sun nema. A Yunin 2025 kuma, da aka kashe 'yar majalisar jihar Minnesota Melissa Hortman da mijinta a gidansu, masu bincike sun ce sun sami jerin sunayen irin waɗannan shafuka a littafin rubutun wanda ake tuhuma. Ki lura da su wa dokar New Jersey ta kare. Ma'aikaciyar jinya da take fama da marasa lafiya iri-iri da danginsu ba ta ciki, sai ta yi wa kanta.

Ga matar da ta gudo daga mijin da ke dukanta, ko wadda wani yake bi, cike fom ɗin shafuka ba shi ne matakin farko ba. Jihohi da yawa suna da shirin ɓoye adireshi, wanda jihar Washington ta fara a 1991. A Texas ofishin babban lauyan jiha ne yake gudanar da shi: ana ba mutum adireshin akwatin gidan waya da zai riƙa bayarwa a hukumomi, su kuma su tura masa wasiƙunsa. Ana shiga ne ta hannun cibiyoyin taimakon waɗanda aka ci zarafinsu, kuma ya fi amfani idan an shiga daidai lokacin da za a tashi zuwa sabon gida. Daga abin da kika rubuta, naki bai kai nan ba. Mutumin yana nesa, kuma da alama so yake ya nuna miki ya san kina da hali. Duk da haka karanto wa mace adireshinta bayan ta ce a'a ba wasa ba ne, zan koma kansa a ƙarshe.

Yadda ake aikin

Ki fara da shiri. Ki buɗe sabon imel wanda ba ya ɗauke da cikakken sunanki, don wannan aikin kaɗai. Kusan kowane shafi zai nemi imel don ya turo miki saƙon tabbatarwa, kuma ba kya so ki ba dillali imel ɗinki na gaske a matsayin tukuici. Idan za ki iya, ki sami lambar waya ta biyu irin ta Google Voice, ko da yake wasu shafukan ba sa karɓarta. Sannan ki sami littafi ko takarda a kwamfuta da za ki riƙa rubuta sunan shafi, ranar da kika nema, da ranar da kika ga an sauke.

Sai abin da ya fi cin mutanenmu: rubutun suna. Ki jera duk yadda aka taɓa rubuta sunanki a takarda a ƙasar nan. Mace ɗaya tana iya zama Aisha a lasisin tuƙi, Aishatu a fasfo, Aishat a takardar makaranta. Muhammad, Mohammed da Mohd kuwa ba a magana. Wani ma'aikacin ya ɗauki sunan mahaifi ya mai da shi sunan tsakiya, wani ya juya su gaba ɗaya, ga kuma wadda ta koma amfani da sunan miji bayan aure. Kwamfutar dillali tana ɗaukar kowane rubutu a matsayin mutum daban, ta buɗe masa shafinsa. Sau da yawa mutum yakan ce mini ya cire amma har yanzu ana ganinsa, in muka duba sai mu tarar shafi ɗaya ya cire cikin uku ko huɗu da yake da su a wuri guda. Don haka a kowane shafi ki bincika da kowane rubutun suna, da kowane gari da kika zauna, sannan ki bincika da lambar wayarki da adireshin gidan su kaɗai ba tare da suna ba.

Ki fara da shafukan da suke nuna komai kyauta, irin su TruePeopleSearch da FastPeopleSearch, domin su ne wanda ba shi da katin dala zai iya amfani da su. Daga nan ki koma kan Spokeo, Whitepages, BeenVerified, PeopleFinders, Radaris, Nuwber da MyLife. Intelius, TruthFinder, Instant Checkmate da US Search duk na kamfani ɗaya ne, PeopleConnect, kuma yana da wuri guda da ake neman ɓoyewa daga dukansu, wannan ya rage miki aiki.

Tsarin kusan iri ɗaya ne. Ki gangara can ƙasan shafin ki nemi rubutun "Opt Out" ko "Do Not Sell My Personal Information". Ki nema a cikin shafin kansa, kada ki dogara da Google ya kai ki, domin a 2025 'yan jaridar The Markup sun gano dillalai fiye da talatin da suka ɓoye shafukansu na neman cirewa daga injunan bincike. A Spokeo za ki kwafi adireshin shafin da ke ɗauke da sunanki, ki liƙa a fom, ki saka imel, ki latsa saƙon da za su turo. Idan ba ki latsa ba, kamar ba ki nema ba ne, kuma saƙon yakan faɗa cikin akwatin tarkace, ki duba can. Whitepages yakan kira waya da na'ura ya nemi ki shigar da lambar da ya nuna miki a allo. Wasu suna saukewa cikin kwana ɗaya zuwa uku, wasu sai sun ja makonni.

Akwai tarkuna uku. Na farko, shafin zai yi ta nuna miki yana "bincike", ya ce ya gano abubuwa masu tayar da hankali a kanki, sai kin biya ki gani. Kada ki biya, neman cirewa ba ya buƙatar sayen rahoto. Na biyu, kada ki cika musu abin da ba su da shi. Idan shafinki yana ɗauke da tsohon adireshi, da tsohon za ki nemi cirewa, kada ki gyara musu da sabo. Na uku, wasu suna neman hoton katin shaida. Ni nakan guje wa wannan in da wata hanya, kamar aika imel ga sashen sirri na kamfanin tare da ambaton dokar Texas. In ya zama dole, ki rufe hotonki da lambar katin, ki bar suna da adireshi kawai. Lambarki ta Social Security kuwa, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka take bayarwa, kada ki ba kowane irin shafin nan ko da sun ce rabinta suke so.

Yanzu batun dangi. Idan kin sauke naki kin bar na maigidanki, wanda yake nemanki zai rubuta sunan maigidan ya ga adireshi ɗaya. Haka na ƙanwarki, da na duk babban da yake gidan. Aikin na gida ne gaba ɗaya, ku zauna tare a ƙarshen mako kowa ya yi nasa, tunda wasu shafukan suna son mai sunan ne da kansa ya nema.

Bayan shafi ya sauke, sakamakon yakan ci gaba da bayyana a Google na ɗan lokaci. Google yana da fom na sabunta sakamakon da ya tsufa, kuma tun 2022 yana karɓar buƙatar cire sakamakon da ke nuna adireshin gida, lambar waya ko imel. A cikin asusunki akwai sashen da suka kira "Results about you", inda za ki saka bayananki ya riƙa sanar da ke idan sun sake fitowa. Wannan daga bincikensa kawai yake cirewa, shafin asali yana nan, amma tunda yawancin mutane daga Google suke farawa su kuma tsaya a nan, ribarsa tana da yawa. Daga nan sai ki sa wa kanki lokaci, duk bayan wata uku ko huɗu ki sake zagayawa da littafinki. Zagayen farko ne mai cin rai, na baya ba sa ɗaukar lokaci.

Kamfanonin da ake biya

Ba damfara ba ne gaba ɗaya, amma ba su da wata ƙofar da ke ba ki da ita. Fom ɗin da za ki cika su ma shi suke cikawa, da na'ura ko da ma'aikata. A 2024 ƙungiyar Consumer Reports ta gwada bakwai daga cikinsu da masu sa kai 32, a kan shafuka 13, tsawon wata huɗu. A jimlace kashi 35 cikin ɗari na bayanan kawai aka sauke. Waɗanda suka fi ƙoƙari su ne Optery da kashi 68 da EasyOptOuts da kashi 65, alhali cirewa da hannu ta kai kashi 70. EasyOptOuts a lokacin kusan dala 20 yake karɓa a shekara, ya kuma doke waɗanda suke karɓar ninkin wannan sau da yawa. Tsada a wannan kasuwa ba ta nuna inganci.

Akwai kuma batun amana, tunda sai kin miƙa musu sunayenki, ranar haihuwa da duk adireshinki kafin su fara. A Maris ɗin 2024 ɗan jarida Brian Krebs ya bankaɗo cewa shugaban kamfanin cirewa na Onerep shi ne ya kafa Nuwber, ɗaya daga cikin shafukan da ake biyansa ya cire mutane daga ciki. Shawarata ga mai aikin dare da rana irinki ita ce ki yi manyan shafukan nan da hannunki, musamman saboda rikicin rubutun suna da na'ura ba ta iya bi, sannan in kina so ki ɗauki mai araha ya riƙa bin ƙananan da ba za ki sami lokacinsu ba. Ranar da kika daina biya, ranar suke daina aiki.

Toshe hanyar da suke shigowa

Wannan ɓangaren ya fi cike fom tasiri, amma a hankali ake ganin amfaninsa. Idan za ku tashi daga gida, ki sani cewa canjin adireshi na dindindin da ake cikawa a gidan waya yana shiga rumbun da ake ba kamfanoni lasisin amfani da shi don sabunta jerin adireshinsu. Na wucin gadi ba ya shiga, shi ya sa wasu suke zaɓarsa su kuma sanar da banki da sauran wurare da kansu. Akwatin gidan waya ko na kanti mai karɓar saƙo yana da amfani ga sayayya ta intanet da rajistar da ba ta hukuma ba. Idan kanti ya nemi lambar waya don rangwame, ki ba da lambar nan ta biyu.

Tunda kina aikin lafiya, ki duba ko kina da lambar NPI, wato lambar shaida ta ƙasa da ake ba masu ba da kulawar lafiya a Amurka. Rajistarta a buɗe take ga kowa, kuma ma'aikata da yawa sun saka adireshin gida da lambar wayarsu lokacin da suka cika fom ba tare da sun san za a wallafa ba. Ana iya shiga a canza zuwa na wurin aiki. Haka idan ke ko maigida kun taɓa yi wa ƙaramin kamfani rajista da adireshin gida, yana nan a shafin hukuma.

Gidan da kuka riga kuka saya da sunanku, takardarsa ba ta goguwa. Wasu suna sayen gida da sunan amintacciyar ajiya, wato "trust", ko kamfani don kada sunansu ya fito, amma a Texas gidan da yake da sunan kamfani yana iya rasa rangwamen harajin da ake yi wa gidan zama, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne. Wannan maganar lauyan gidaje ce, kada ki taɓa takardar gida a kan shawarar irina.

Ki kuma kulle rahoton bashinki a Equifax, Experian da TransUnion, manyan kamfanoni uku masu ajiye tarihin bashin mutane. A shafukansu ana kiran abin "freeze", kyauta ne bisa dokar tarayya tun 2018, kuma kina iya buɗewa duk lokacin da za ki nemi bashi. Ba zai sauke adireshinki ba, amma zai hana wani ya karɓi bashi da sunanki. Dalilin da nake matsa wa kowa a kan wannan shi ne abin da ya faru a 2024, lokacin da aka sace rumbun wani dillali mai suna National Public Data, ɗauke da sunaye, adireshi da lambobin Social Security na mutane masu ɗimbin yawa, aka watsa shi. Abin da ya riga ya shiga hannun ɓarayi babu fom ɗin da zai dawo da shi.

Ta ɓangaren gida

Irin shafukan nan harkar Amurka ce, domin a Najeriya takardun gidaje da na kotu ba su taru a intanet haka ba. Amma muna da namu. Truecaller yana nuna sunan da wasu suka saka wa lambarki, kuma sau da yawa da shi ake tabbatar da cewa lamba ta wance ce. Idan kina da asusu, ki rufe shi tukuna daga cikin manhajar, sannan ki je shafinsu na cire lamba ki shigar da ita da lambar ƙasa, ta Amurka da ta Najeriya duka. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa akwai shafin da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100, ko da yake hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa, ana kuma kai ƙorafi ga hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.

Sannan akwai hanyar da ba kamfani a cikinta. Katin gayyatar suna ko walima mai ɗauke da cikakken adireshi, da zarar ya shiga zauren WhatsApp na 'yan gari, kafin dare ya isa wayoyin da ba ki san masu su ba. Hoton ƙofar sabon gida da lambarsa a jiki, da kwalin saƙon da aka aika gida da adireshin mai aikawa a kai, duk haka. Ba mamaki lambar wayarki ta nan mutumin ya fara samunta, sauran kuma ya ƙarasa a intanet, tunda da lambar waya kaɗai shafukan nan suna fito da suna da adireshi. A gayyata ki rubuta ranar da lokaci, adireshi kuma ki tura wa wanda ya ce zai zo shi kaɗai.

Game da shi mai kiran, abin da ya riga ya rubuta ya ajiye ba za ki iya ƙwacewa ba, sauke shafukan zai hana na gaba ne, ya kuma hana shi sanin inda kuka koma in kun tashi. Kafin ki sauke komai, ki ɗauki hoton shafukan yadda suke, ki ajiye tarihin kiransa da duk saƙon da ya turo. Ki rubuta masa sau ɗaya, a taƙaice, cewa kada ya sake tuntuɓarki, sannan ki toshe lambar, kada ki shiga musu da shi a kan ko adireshin daidai ne. Ki sanar da maigida da ƙanwarki, ki kuma sanar da na gida a Zariya cewa duk wanda ya zo yana tambayar inda kike ko abin da kike samu, ko ya kira da labarin gaggawa da sunanki, kada su tabbatar masa da komai sai sun ji muryarki. Idan ya dawo da wata lamba, ko maganarsa ta koma barazana gare ki ko ga iyayenki, ki kai rahoto ga 'yan sandan Houston ki karɓi lambar rahoton, ki shigar da ƙorafi a shafin IC3 na hukumar FBI, su kuma na gida su kai nasu ofishin 'yan sanda mafi kusa, tunda shi a can yake. Lambar rahoton nan za ta yi miki amfani idan kika koma kan shafin da ya ƙi sauke sunanki, domin wasunsu suna ba irin wannan buƙata kulawa ta daban.